Ƙurajen da ke min zafi in sanyi ya taɓa ni, ga kuma ƙarin mahaifa: akwai alaƙa?

Ummu_Safiyya

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina da tambaya kuma ku yi haƙuri zan ɗan ja bayanin. Shekarata 28. Tun ina wajen shekara 20 wasu 'yan ƙuraje suka fara fito min a kafaɗar dama suna gangarowa zuwa damtse, da farko guda uku ne yanzu na daina ƙirgawa, sun haura 20. Ba irin ƙurajen fuska ba ne, ba sa ruwa ba sa fashewa, tauri gare su kamar an tura 'yar tsakuwa a ƙarƙashin fata, launinsu ya ɗan fi na jikina duhu. Abin da ya dame ni shi ne zafin. In na yi wanka da ruwan sanyi ko fanka ta kaɗa wajen ko igiyar jaka ta goge su, wata irin suka nake ji kamar ana tsira min allura har sai na dafe wajen na tsaya cak. Na shafa mayuka kala kala babu wani canji.

Toh watan jiya na je asibiti saboda jinin al'ada da ya yi min yawa, kwana 9 zuwa 10 ina zuba har da guda guda, ga jiri in na miƙe. Aka yi sikanin aka ce ƙarin mahaifa ne guda 5, babban ya kai santimita 6. Lokacin da za a gwada min hawan jini na naɗe hannun riga sai likitar ta ga ƙurajen, ta ajiye biro ta taso ta dudduba ta danna ɗaya na yi ƙara. Sai ta hau tambayata wai akwai mai irinsu a gidanmu, na ce mamata na da su a ƙwauri, ta ce an taɓa yi mata aikin mahaifa, na ce an cire mata tana da shekara 33 bayan haihuwar autanmu. Sai ta ce akwai wanda ya taɓa ciwon ƙoda a danginku? Nan fa gabana ya faɗi. Ta rubuta min takarda zuwa wajen likitan fata amma sai nan da sati uku zan gan shi, ni kuma tunani ya hana ni barci. Me ya haɗa fata da mahaifa da ƙoda? Akwai wadda ta taɓa jin irin wannan?

Maman_Khalil

Wa alaikumus salam. Allah ya ba ki lafiya 'yar uwa. Ni dai gaskiya ban ga abin da ya haɗa fata da mahaifa ba, ƙarin mahaifa ai ya zama ruwan dare, mu huɗu ne ƙawaye uku muna da shi kuma babu mai ƙurji ko ɗaya a jikinta. Kar ki sa wa ranki damuwa, likitoci dama akwai su da yawan tambaya.

Zee_baby

Anti ba tabon nan mai tasowa ba ne kuwa? irin wanda ke fitowa in an huda kunne ko an ji rauni, ƙanwata na da shi a ƙirji yana mata ƙaiƙayi da zafi wani lokacin

Ummu_Safiyya

@Zee_baby a'a na san wannan, shi ai sai an ji ciwo ko ƙurji ya warke sannan yake tasowa kuma yana da sheƙi. Nawa haka kawai suka fito a lafiyayyar fata, kuma ba ƙaiƙayi suke ba, suka suke.

Sista_Rabi

@Maman_Khalil akwai abin da ya haɗa su kuwa, tsoka ce. Ni nas ce, bari in faɗi iya abin da na sani. Tsokar jiki iri uku ce: akwai wadda kike motsawa da kanki kamar ta hannu da ƙafa, akwai ta zuciya, sannan akwai wadda ake kira tsoka mai santsi, ita wannan aikinta take yi ba ta jiran umarninki. Ita ce a jikin hanji da jijiyoyin jini da mafitsara, kuma bangon mahaifa kusan duk ita ce, ita ce ke murɗawa lokacin naƙuda. Abin da mutane ba su sani ba shi ne akwai ta a fata ma. A gindin kowane gashi akwai 'yar mitsitsiyar tsoka, ita ce in kin ji sanyi ko tsoro take jan gashin ya miƙe mu ce tsigar jiki ta tashi. Toh ƙarin mahaifa tsoka mai santsi ce ta dunƙule ta yi ta girma, in irin haka ya faru da 'yar tsokar gindin gashi sai ya zama ƙululu a fata. Sunansu ma ɗaya a likitance, layomayoma. Shi ya sa bayanin da ta yi na sanyi ya ja hankalina, domin sanyi ne ke sa wannan tsokar ta tsuke.

Ban ce shi ne da ke ba Ummu Safiyya, ido ba ya yanke hukunci, amma tambayar da likitarki ta yi ba tambayar banza ba ce.

Maman_Khalil

Ikon Allah. Toh Sista na ƙaru, wlh ban taɓa sanin tashin tsigar jiki aikin tsoka ba ne.

Abu_Haidar

Ku yi haƙuri na shigo zancen mata amma wannan ya shafe ni kai tsaye. Ni namiji ne shekarata 41 kuma ina da irin ƙurajen nan a baya da gefen ƙirji tun ina saurayi. Yadda ta kwatanta sukar haka take ba ƙari, ni ko jingina da kujera mai sanyi na yi sai na ji a jikina, kuma in raina ya ɓaci ma suna motsawa, wannan na daɗe ina ɓoyewa don kar a ce ƙirƙira nake. Shekara da shekaru ana ce min ƙululun kitse ne, wani ya ce jijiya ce, har sai da wani likitan fata ya yi min allurar kashe zafi ya yanko guda ɗaya, ɗinki biyu kacal, aka kai ɗakin gwaji. Sakamako ya fito layomayoma. Daga nan ya tambayi 'yan uwana mata, yayata an yi mata aikin ƙarin mahaifa sau biyu kafin ta cika 35. Aka ɗebi jinina aka yi gwajin gado aka samu ina ɗauke da abin. Yanzu duk shekara ina shiga na'urar MRI a duba ƙodata, sau 6 ke nan kuma alhamdulillahi ba a ga komai ba. Na faɗi wannan ne don ki san mutum na rayuwarsa da shi lafiya lau, ina aikina ina da yara uku.

Fatee_M

Innalillahi. Ni ma ina da ƙarin mahaifa guda biyu aka gani bara, ke nan ni ma ƙodata na cikin haɗari?? dan Allah a yi min bayani jikina ya yi sanyi

LikitanFata

@Fatee_M kwantar da hankalinki, a'a. Bari in raba zancen gida biyu don kar a tsorata kowa.

Ƙarin mahaifa na yau da kullum abu ne mai yawan gaske. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2003 ya nuna kafin shekara 50 sama da kashi 80 cikin 100 na baƙaƙen mata da kusan kashi 70 na farare suna da shi, da yawansu ma ba su sani ba don bai dame su ba. Wannan ba ruwansa da ƙoda, sai dai in ya yi girman da zai danne hanyar fitsari, wannan kuma wata magana ce daban. Maman Khalil ta yi gaskiya da ta ce ruwan dare ne.

Na biyun shi ne wanda Malam Abu Haidar ya faɗa, kuma ba shi da yawa. Wani likita mai suna Reed da abokan aikinsa ne suka bayyana shi a 1973, iyalan da ake samun ƙurajen tsoka a fata tare da ƙarin mahaifa a matansu, shi ya sa wasu ke kiransa da sunansa. Daga baya masu bincike a ƙasar Finlan suka lura wasu daga irin waɗannan iyalan na samun kansar ƙoda, a 2002 kuma aka gano ƙwayar gadon da ke jawo shi, ana ce mata FH, tana kan kiromosom na 1, wato ɗaya daga cikin zarurrukan da ke ɗauke da gado a cikin ƙwayoyin jiki. Aikinta a jiki shi ne haɗa wani sinadari da ƙwayoyin jiki ke amfani da shi wajen samar da ƙarfi. Kowa na da ita guda biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Mai wannan larura an haife shi da ɗaya mai matsala, ɗayar na riƙe da aikin, toh duk ƙwayar jikin da ta biyun ma ta lalace a cikinta nan ne ƙari ke iya farawa. Sunan larurar yanzu HLRCC, gajeren sunan Turanci ne da ke nufin ƙarin tsoka mai santsi da kansar ƙoda na gado.

Abin da ke sa mu zarge shi: ƙurajen fata masu yawa masu tauri masu zafi, ƙarin mahaifa da ya zo da wuri kuma da yawa, mace a shekarun ashirin da wani abu ko farkon talatin har an kai ga tiyata, da kuma ganin irin haka a dangi. Ummu Safiyya labarinki ya taɓo duka ukun shi ya sa likitarki ta tsaya, kuma ta kyauta ƙwarai. Amma akwai wasu ƙululun fata masu zafi da ke kama da shi, sai an yanko an duba sannan a yi magana. Ban gan ki ba, ba zan ce miki ga abin da ke damunki ta waya ba.

Maganar ƙoda kuwa, a cikin masu ɗauke da wannan ƙwayar gadon wajen kashi 15 cikin 100 ne ke samun kansar a tsawon rayuwarsu, wato mafi yawansu ba sa samu. Dalilin da ya sa muke matsawa shi ne irin wannan kansar tana da saurin yaɗuwa tun tana ƙarama kuma tana iya kama matashi, in an gan ta da wuri ana cirewa ba a jira. Shi ya sa ake duba ƙoda duk shekara.

Fatee_M

Ngd Dakta Allah ya saka da alheri, hankalina ya ɗan dawo. Amma shi ƙarin mahaifar kansa baya rikiɗa ya zama kansa? wata ta ce min in ya daɗe zama yake

Sista_Rabi

@Fatee_M ba haka ba ne. Akwai kansar tsokar mahaifa amma ba ta da yawa ko kaɗan kuma abin da aka fahimta ita da kanta take tasowa, ba tsohon ƙari ne ke juyewa ba. Ƙarin mahaifa da homon ɗin mace yake rayuwa, istirojin da furojestaron, shi ya sa in mace ta daina al'ada yawanci sai ya yanƙwane. Abin da bai kamata a yi wasa da shi ba shi ne macen da ta daina al'ada ta ga ƙarin na ƙara girma ko jini ya dawo, wannan a tafi asibiti ba jinkiri.

Hajiya_Kaka

'Ya'yana ni shekarata 59 kuma na ga wannan abu da idona. Na yi shekara 7 ina ɗauke da shi ina tsoron wuƙa, cikina ya fito ana min barka ana tambayata wata nawa, fitsari kuwa ba na iya riƙewa dare ɗaya sai in tashi sau biyar. Sau biyu ana min ƙarin jini. Tafin hannuna fari fat, hawa bene sai na huta a tsakiya. Da aka cire mahaifar ina da shekara 44 sai da na yi kuka don takaicin shekarun da na ɓata, ashe haka lafiya take. Ban ce kowa ta cire ba, ni na gama haihuwa a lokacin. Amma ke Ummu Safiyya 'yata, jinin nan na kwana goma kar ki raina shi, shi ne zai fara kayar da ke kafin komai. An gwada yawan jininki?

Ummu_Safiyya

Eh Mama an gwada, ta ce ya yi ƙasa ta ba ni ƙwayoyin ƙarin jini da wani magani tiraneksamik asid da zan riƙa sha ranakun al'ada kawai. Na gode da kulawa Allah ya ƙara girma.

Deejah22

Ni fa na ga wata a Facebook tana tallan wani haɗi da ke narkar da ƙarin mahaifa cikin wata ɗaya ba tiyata, har da hotunan abin da ya fito daga jikin mutane. Me zai hana ki gwada kafin sati ukun, ai ba a san inda rana za ta faɗi ba

Ummi_Nur

@Deejah22 dan girman Allah kar ki tura ta. Ni na sha irinsa wata huɗu, gudawa kawai na yi ta yi ina ganin gudan jini ina murna wai ƙarin ne ke fita, da na koma sikanin daga santimita 7 ya koma 9. Ƙarin nan nama ne mai tauri a dunƙule cikin bangon mahaifa, na ga nawa a roba bayan aiki, fari fari kamar ƙwallo, ba abin da za ka sha ya narke ba ne. Balle ita da ake maganar ƙodarta, ta je ta ɗura abin da ba a san me ke ciki ba?

Deejah22

Toh Allah ya ba da haƙuri ni taimako na yi niyya

Ummi_Nur

Na sani 'yar uwa ba faɗa nake ba, zafin abin da ya same ni ne.

Amaryar_Bana

Tunda ana maganar, dan Allah ƙarin mahaifa na hana haihuwa? Anti Ummi Nur bayan aikin kin samu ciki?

Ummi_Nur

Na samu alhamdulillahi, ɗana shekararsa biyu. Ni kafin aikin ɓari biyu na yi, likitan ya zana min a takarda ya ce inda ƙarin ya zauna ya fi girmansa muhimmanci. Akwai wanda ke turowa cikin ramin mahaifa inda ciki ke zama, shi ne mugun, ko ƙarami ne yana kawo zubar jini da ɓari. Akwai na cikin bango, akwai na waje wanda wani har reto yake da 'yar igiya, shi wannan ya fi danne mafitsara ko hanji amma sau da yawa ba ya hana ciki. Nawa ɗaya na ciki ne. Kafin aiki an min allurar Zoladex wata uku, al'ada ta ɗauke jinina ya dawo ƙarin ya ɗan ragu, amma na sha zafin jiki da gumin dare kamar wadda ta manyanta, kuma an gaya min ba a daɗewa a kanta don tana rage ƙarfin ƙashi, in an daina kuma ƙarin na komawa yadda yake. Aka cire guda 8 aka bar min mahaifata, aka ce in jira wasu watanni kafin ciki, haihuwar kuma ta tiyata aka yi saboda ɗinkin da ke jikin mahaifar. Yanzu an ce an ga wani ƙarami ya sake fitowa amma baya damuna.

Bintu_A

Ni ba a yanka ni ba, toshe jijiyar aka yi. Ta matsematsi aka zura wani siririn bututu har zuwa jijiyar da ke kai wa mahaifa jini aka tura wasu ƙananan ƙwayoyi suka toshe hanyar, ƙarin ya rasa jini ya yanƙwane a hankali. Kwana biyun farko na ji ciwon mara mai tsanani ba zan ɓoye ba, amma cikin sati biyu na koma aiki. Sai dai an tambaye ni sau uku ko ina son ƙara haihuwa, don ga mai neman haihuwa sun fi son a cire ƙarin kawai.

Maman_Khalil

Ni kuma Mirena aka sa min, 'yar robar nan mai homon da ake sakawa a cikin mahaifa, jinin ya ragu sosai, ƙarin na nan inda yake muna zaman lafiya. Kowa da nata.

Ummu_Safiyya

Na dawo. Na gode muku duka wlh, na karanta komai har sau biyu. Jiya na kira mamata na tambaye ta zancen ƙoda, da farko ta ce babu, can da dare ta sake kira ta ce ta tuna yayanta, kawuna da ya rasu ina ƙarama, an taɓa cire masa ƙoda ɗaya kuma bai daɗe ba bayan aikin. Ba ta san me aka ce ba a lokacin, ita dai ta san yana fitsarin jini yana riƙe kwiɓinsa, kuma bai kai 40 ba. Na ce mata nata ƙurajen fa, ta ce ai ta saba da su, shi ya sa ko da zafi take sa safa. Shekara nawa ina ganin mamata da safa ban taɓa tambaya ba.

Yanzu abin da ke raina ɗiyata, shekararta 4. @LikitanFata in ya tabbata ita ma ta ɗauka ke nan?

LikitanFata

Ba lallai ba. In ya tabbata kina da shi, kowane ɗa da kika haifa rabi da rabi ne, kashi 50 ya ɗauka kashi 50 bai ɗauka ba, mace ko namiji duk ɗaya, kuma wanda bai ɗauka ba shi ke nan ba zai ba 'ya'yansa ba. A shekara 4 babu gaggawa, yawanci daga shekara 8 zuwa 10 ake fara maganar gwada yara da duba ƙodarsu. Ke da mamarki ne a gaba yanzu. Labarin kawunki ki gaya wa likitan fatar tun kafin ya tambaya, in da hali ma ki koma wajen likitar farko ki faɗa mata, zai iya sa a gaggauta duba ƙodar. Mama ma ya kamata a gan ta, cire mahaifa ya raba ta da zubar jini amma bai taɓa zancen ƙoda ba.

Sannan ki faɗa wa duk wanda zai yi miki aikin mahaifa wannan zargin, saboda mai duba naman a ɗakin gwaji akwai rini na musamman da zai yi ya ga ko FH ɗin ta ɓace a cikin ƙarin.

Zee_baby

Dakta sikanin ɗin ciki na yau da kullum bai isa a duba ƙodar ba? naga shi ya fi sauƙin samu

LikitanFata

Ga wannan larurar bai isa a dogara da shi ba, ƙananan na iya ɓoye masa. MRI aka fi so saboda za a yi ta maimaitawa duk shekara kuma ba shi da hasken X-ray da ke cikin CT, wato ɗaya na'urar ɗaukar hoton cikin jiki.

Maman_Khalil

Ni fa a nan ne nake da ja. A ce yarinya lafiyarta ƙalau a je a tono mata abin da watakila har ta tsufa ba zai same ta ba, kashi 85 fa ba sa samu in na fahimci Dakta, sai a ɗora mata fargaba duk shekara tana jiran sakamako. Ni da a ce ni ce da na bar ta ta girma ta zaɓa da kanta. Wani sanin ma ciwo ne.

Abu_Haidar

Hajiya na fahimce ki kuma ba zan ce fargabar babu ba, satin da zan shiga na'urar nan ba na cin abinci sosai, matata ta san shi. Amma ki dubi kawunta. Da an san yana ɗauke da shi ana dubawa watakila da an kama abin yana ɗan mitsitsi. Ni babban ɗana shekararsa 12 an gwada shi bai ɗauka ba, ranar na yi sujada, kin ga shi gwajin ma ya cire masa fargabar har abada. Na biyun za a gwada shi baɗi. Wanda ya fi ba ni wahala shi ne gaya wa 'yan uwana, ƙanina ɗaya har yau ya ƙi zuwa ya ce ni na fiye bin likitoci, kuma yana da ƙurajen a hannu ina gani. Ba na iya tilasta shi, ina dai tuna masa.

Maman_Khalil

Allah ya kare mana su. Har yanzu dai zuciyata ba ta kwanta da gwada ƙananan yara ba amma na ji hujjarka Malam.

Hadiza_Y

Dan Allah nima a duba min, ni guda ɗaya ne tal a bayan ƙafata kusa da idon sawu, shekara uku ke nan, in na taɓa zafi har ƙwaƙwalwa. Shekarata 46 ba ni da ƙarin mahaifa. Shi ma na gadon ne?

LikitanFata

@Hadiza_Y guda ɗaya a ƙasan ƙafa a shekarunki ya fi kama da wanda ke fitowa daga tsokar bangon jijiyar jini, shi ba a danganta shi da wannan gadon kuma in an cire yawanci shi ke nan. Ki je a gani a cire a kai gwaji, ƙaramin aiki ne.

Ummu_Safiyya

Na kira asibitin na faɗi zancen kawu, sun dawo da ni ranar Litinin mai zuwa kuma mama ta yarda za ta biyo ni. @Abu_Haidar Malam zafin fa, kai me kake yi masa? Cire su duka zai yiwu? Ni ko barci a ɓangaren dama na daina.

Abu_Haidar

An cire min manya guda huɗu da suka fi damuna, biyu sun dawo a gefen tabon, likitan dama ya gaya min masu yawa haka suke yi shi ya sa ba a bin su ɗaya bayan ɗaya. An fara ba ni nifedifin, maganin hawan jini ne amma yana sassauta irin wannan tsokar, ya rage sukar sai dai ya riƙa sa min ciwon kai da kumburin ƙafa aka canza min zuwa gabafentin, shi nake sha lokacin sanyi kawai. Kar ki saya da kanki, ke da jininki ya yi ƙasa ga jiri, bari likita ya zaɓa miki. Sauran dabara ce: ruwan ɗumi a wanka, riga mai laushi a ciki wadda ba ta da ɗinki a wajen, kuma ki mayar da jakarki kafaɗar hagu. In za a yanko na gwajin ki nuna masa wanda ya fi miki zafi ya ɗauke shi gaba ɗaya, kin rage ɗaya ke nan.

Sista_Rabi

Ki tafi da takardar sikanin ɗin mahaifar da ta gwajin jini, in mama na da wata tsohuwar takardar aikinta ita ma a nemo. Ki kuma ɗauki hoton kafaɗar a waya yau da haske mai kyau don a riƙa kwatantawa nan gaba.

Amaryar_Bana

Anti Ummi Nur ban gane ba, wata nawa aka ce ki jira bayan aikin kafin ki nemi ciki? ni ma an sa min rana wata mai zuwa